Wanzamin Bilbis Bai Warke Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Sanda, ƙanen mahaifiyata, wanzamin Bilbis, kuma har yau ana tallar magani da shi.

Ciwon karkarwa ne ya kama shi. Ya fara daga babban yatsan dama, ya cinye hannun duka, har tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Likita a Gusau bai ɓoye masa ba: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali, ba a warkewa, amma akwai maganin da ke lafar da rawar. Yana sha tana lafawa, duk da haka ya rataye zabirarsa. Buri ɗaya ya rage masa. 'Yarsa Hajo, da ke aure a Bungudu, tana da cikin fari, yana so ya yi wa jikansa askin suna da hannunsa.

Wani mai tallar magani ya ji labarin a kasuwar Tsafe, ya zo har gida da kwalbar ƙwayoyi masu launin ruwan ƙwai. Ya ce ko'enzayim ne daga Turai, yana tada ƙwaƙwalwar da ta mutu, sharaɗinsa kawai a daina na asibiti kada su yi faɗa a ciki. Kawu ya yarda, manyan gida suka sa albarka.

Bayan rasuwarsa na nemi abin da aka rubuta kan wannan sinadari a ɗakin karatun kwalejinmu. Jiki na yin sa da kansa, yana taimaka wa ƙwayoyin halitta samun ƙarfi, kuma masu bincike na gwada ko zai rage saurin irin wannan ciwo. Gwaji ne kawai. Ban ga inda aka ce ya warkar da kowa ba, balle a ajiye maganin likita. Ba na fushi da masu binciken. Ina fushi da wanda ya sayar wa tsoho abin da su kansu ba su tabbatar ba.

Da Hajo ta haihu, ranar suna mai maganin ya biyo mu Bungudu, yana neman shaidu. A lokacin, da yake ya daina na asibiti, hannun Kawu ko ludayi ba ya riƙewa. Aka fito da jinjirin, jama'a suka zagaye. Mai maganin ya ɗaga murya ya ce, "Baba, aske mana, kowa ya gani da idonsa."

Kawu ya dubi askar da ke rawa a hannunsa, ya dube shi. "Malam, wanga ɗan mutum na, ba ƙwarya ba. Miƙo naka kan in gwada."

Bai miƙa ba. Kawu ya ba wanzamin garin askar, ya tsaya a kansa har aka gama, hawaye na bin gemunsa. An mayar da shi asibiti, amma jikin ya riga ya sandare, bai ƙara tashi ba.

Yanzu in na fito daga unguwarmu Damba zan tafi makaranta, nakan ji lasifika a tashar Gusau tana cewa wanzamin Bilbis ya warke, har ya aske jikansa. Da Kawu zai ji, ba sunansa zai yi wa baƙin ciki ba. Zai tambayi tsofaffi nawa suka zubar da maganinsu saboda shi.

Ba ni da bakin tsayawa a tasha, shi ya sa nake rubutawa. Duk mai ciwon nan ya riƙe maganin likitansa. Kawu bai warke ba, bai kuma aske kowa ba. Jikansa yana nan Bungudu yana guje-guje, babu ko ƙwarzane a kansa. Allah ya jiƙan Kawu Sanda.