Ilu Mai Hoton 'Yan Dambe

A Koki, in ka ce Ilu mai hoto, tsofaffi ne kawai za su nuna maka gidan. Ɗinkin hula ne sana'ar gidansu, amma yana ɗan shekara sha tara ya ajiye allura ya tafi koyon hoto, bayan shekara huɗu kuma ya buɗe shagonsa a Mandawari. Hoton fasfo da na amare su ne suka ciyar da iyalinsa. Abin da ransa ke so kuwa shi ne dambe.

Kyamararsa ba ta iya kama naushi a fili, don haka in an tashi daga wasa sai ya bi 'yan damben ya roƙe su su zo shago. Yawancinsu mahauta ne, ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Sai mutum ya tuɓe riga ya rage daga shi sai bante, kamar yadda yake shiga fili, ya ɗaure hannu da kara, wato igiyar da suke naɗewa a dunƙule, ya bar layunsa a damtse. Ilu ya ba shi man gyaɗa ya shafa, ya tsayar da shi gaban baƙin labule, ya haska fitila ta gefe guda har kowane tabo ya fito. Yakan wanke biyu, ya ba mai hoton ɗaya, ya ajiye ɗaya tare da fim ɗin a akwatin ƙarfe. A bayan kowanne yakan rubuta suna da gari da wanda mutumin ya kayar. Cikin shekara ashirin ya tara sama da ɗari huɗu.

Da wayoyi suka zo, sai shagon ya mutu. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya soma dusashewa. Akwatin dai yana ƙarƙashin gadonsa.

Shekara biyu da suka wuce wani malamin makaranta mai suna Kabiru, mai sha'awar tsofaffin hotunan Kano, ya yi sallama da shi. Ilu ya ji daɗi ƙwarai, don an daɗe ba wanda ya tambaye shi aikinsa. Ya fito da akwatin, Kabiru ya ɗauki kamar talatin da wayarsa ya sa a intanet, da sunayen mutanen da bayani mai kyau. Ba a yi mako ba wasu suka kwashe hotunan, suka yanke bayanin, suka rubuta cewa wani tsoho ne a cikin birni yake tara maza yana tuɓe su. A jikin ɗaya daga ciki hatimin shagon ya fito ɓaro-ɓaro da sunansa.

Ɗansa Mikail, wanda ke koyarwa a Islamiyyar unguwa, shi ya zo masa da maganar. Ya durƙusa a bakin ɗaki, bai ɗaga kai ba.

"Baba, iyayen yara sun fara yi mini magana. Jiya har a gaban shugaban makaranta."

"Dambe ne fa," in ji Ilu. "Haka suke shiga fili, gaban dubban mutane."

"Na sani, Baba. Amma waɗanda ke turawa ba su san dambe ba. Ga layu, ga cinya a waje. Ni ban san abin da zan ce musu ba."

Kwana uku suka wuce. A masallaci ba wanda ya faɗa masa baƙar magana, sai dai gaisuwa ta gajarta, kuma maƙwabcin da suka shekara talatin suna komawa gida tare ya soma tsayawa doguwar nafila. Rana ta huɗu da hantsi Ilu ya ja akwatin zuwa tsakar gida, ya zuba kananzir a tsohon kasko. Matarsa Habiba ta fito daga kicin.

"Malam, ko ɗaya ba za ka rage ba?"

Ya ƙyasta ashana. Ya riƙa jefa hotunan goma-goma ba tare da ya duba ba. Fim ɗin ya narke yana wari, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko lafiya.

Wata biyar bayan haka adaidaita sahu ta tsaya a bakin lungu, wata mata ta sauko da wani tsoho tana tallabe da shi. Ilu bai gane shi ba sai da ya yi magana. Ɗantani ne na Gwammaja, mahaucin da a zamaninsa ya shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake ɗaurewa yana lilo a gefensa. Matar 'yarsa ce, Sa'ida. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure.

"Malam Ilu, hotona na zo nema," in ji Ɗantani, maganarsa tana fita da ƙyar ta gefen baki. "Wanda ka ba ni ruwa ya ci shekarar da ɗakina ya faɗi. Jikokina in na ce musu na yi dambe dariya suke yi. So nake su gani kafin in tafi."

Ilu ya tuna hoton sarai. Ya tuna Ɗantani ya ƙi shafa mai, ya ce zufarsa ta isa. Ya so ya ce akwatin ya ɓata, ko gara ta ci, amma bakinsa ya ƙi.

"Na ƙona su, Ɗantani. Duka. Da hannuna."

Ya ba shi labarin yadda aka yi. Ɗantani ya saurara har ƙarshe, yana kallon ƙasa.

"Su yaran nan ba su san mu ba," ya ce. "Amma kai ka san mu. Kai ma abin kunya ka gani?"

"A'a."

"To me ya sa?"

Ilu ya sa aka kira Kabiru a waya, ko Allah zai sa na Ɗantani yana cikin talatin ɗin nan. Kabiru ya ba da haƙuri, ya ce tun lokacin rigimar ya goge komai, kuma bai tuna da wannan sunan ba. Sa'ida ta ɗaga mahaifinta. A bakin ƙofa Ɗantani ya miƙa wa Ilu hannun hagu, suka yi sallama.

Cikin daminar nan Ɗantani ya rasu. Ilu ya je gaisuwa Gwammaja ranar uku. Babban ɗan mamacin, Hashim, da ya ji ko wane ne, ya matso kusa da shi.

"Baba, wai da gaske ya yi suna a dambe? Mu mun taso yana sayar da nama ne kawai."

Ilu ya soma ba shi labari, yadda faɗin kafaɗunsa ya cika labule, da tabon da ke ƙarƙashin idonsa, da ranar da ya kayar da wani Bazamfare makaɗa suka bi shi har gida. Hashim yana gyaɗa kai cikin ladabi, irin yadda ake yi wa tsoho in ya ɗauko zancen da. Kafin Ilu ya kai ƙarshe wasu baƙi suka iso, Hashim ya ce a gafarce shi, ya tashi tarbarsu.

Ilu ya shafa fatiha ya miƙe. A ƙofar zaure takalma sun taru, idonsa bai iya bambance nasa ba. Ya jingina da bango, yana jiran mutane su kwashe nasu.