Kwarkwatar da Na Cire da Hannuna

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na biyu kan lafiyar kifi a Alƙahira, 'yar masunci daga Yauri da tallafin karatu ya kawo Masar. Ina zaune a unguwar Hayyin Ashir da 'yan uwa ɗalibai masu karatun addini, kullum suna tsokanata wai na tsallako ƙasashe don in karanci abin miya. Ban damu ba, don gani nake babu wanda ya fi ni sanin kifi, har malamina.

Malamin nan nawa da ke duba aikina, Duktur muke ce masa, ya yi karatu a ƙasar sanyi, inda ake kiwon kifin salmon a cikin teku, kwarkwata tana cinye musu fata har su galabaita. Ya sa ni in gwada irin wannan da karfasa. Muka zuba kwarkwatar kifi a wasu tankuna da gangan, wasu muka bar su lafiya, bayan makonni a ɗebi jini a auna ƙuncin da kifin ya shiga. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada hannu ya taɓa su. Akwai wani dattijo, Ammu muke ce masa, shi ke kula da ruwa da iskar tankunan, da wannan aikin yake ciyar da iyalinsa.

Sai ga kifayen tanki na uku suna goga jiki da bango, sun daina cin abinci. Raina ya ƙi. A gidanmu idan ka ga kwarkwata a kan yaro ba ka jiran izinin kowa. Don haka kullum da safe kafin Ammu ya iso, sai in kamo su ɗaya ɗaya, in cire ƙwarin da matsefata, in mayar. Ashe kamun nan da fitarwa daga ruwa da goge musu santsin jiki ya fi kwarkwatar wahalar da su. Cikin kwana goma suka fara mutuwa, alhali na sauran tankunan, da kwarkwatarsu da komai, suna nan da rai.

Duktur ya ce ruwa ne ya lalace, aka dakatar da Ammu. Dattijon ya rantse bai yi sakaci ba, da zai tafi ma ni ya ba haƙuri, yana cewa ma'alish, yi haƙuri 'yata, aikinki ya ɓaci. Na yi shiru kwana goma sha biyu. Ƙawayena da na faɗa musu suka ce khalas, magana ta wuce, in rufa wa kaina asiri, idan tallafi ya tafi iƙama, wato takardar izinin zama, ita ma ta tafi. A rana ta goma sha uku na ajiye matsefatar a teburin Duktur na faɗi komai. Ya ce ɗalibar da ba ta iya bin sharaɗi gara ta koma gida. Na ce masa laifina na amsa, a maido da Ammu, amma ba inda za ni.

An maido shi, ni kuma aka yanke mini tallafi. Yanzu ina soya awara da dambun kifi ina sayar wa ɗalibai a unguwar Abbasiya, ina sake gwajin daga farko. Wasu har sun laƙaba mini likitar kwarkwata, su ci gaba, ina amsawa. Ba na jin kunyar tausayin da na ji, kuma ba wanda zai sa in ji. Abin da na koya shi ne tausayi ba tare da sani ba yana kisa, kuma ina jan kunnen duk mai saurin kai hannu irina ya tambaya tukuna. Kunyata ɗaya ce, kwana goma sha biyun nan. Ammu har yau yana kawo mini shayi da safe, bai taɓa tayar da zancen ba.