Lissafin Malam Haliru da Aka Shanye

Ina Kalgo ina gyaran danga, wani mai jaki daga Gwandu ya yi sallama, ya ce Malam Haliru mai hisabi ya rasu tun ranar Talata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko hannu ban wanke ba na kama hanya.

Shekara goma sha ɗaya na yi a gabansa, tun kafin zuwan Nasara. In ka ce masa amsarka ta yi kusa, sai ya ce, "Wanda ya kusa ƙetare gulbi, ai cikin ruwa yake." Masu neman sa'a kan zo don ya zana musu hatimi, sai dai ya ba su ruwan sanyi, ya raka su ƙofa yana cewa, "Ni mai lissafi ne, ku nemi boka."

Akwai adadin da ya fi ƙauna: dubu ɗari bakwai da ashirin, a ƙara ɗari bakwai da ashirin. Shi ne mafi ƙanƙanta da zai rabu daidai ga mutum biyu, ko uku, ko bakwai, har goma sha shida, babu saura. Goma sha bakwai ce ta ƙi, ta bar biyar. Yakan yi dariya ya ce, "Kowane dattijo da wanda ba ya gaishe shi." Hanyar da ya bi ya gano shi, da hujjarsa, duk suna cikin gafakarsa ta takardu, ba wanda ya taɓa kwafa. Sau uku yana aiko mini in zo in kwafa, ina cewa sai na gama sussuka.

Bayan ta'aziyya na tambayi babban ɗansa, Dikko, ina gafakar. Ya kai ni zaure. Ga baduku zaune da wuƙa, ya yayyanka takardun, yana ɗinke su layu. Allon Malam kuwa tun ranar uku aka wanke, aka raba ruwan a ƙwarya, aka shanye.

"Dikko, don mi kuka yi haka?"

"Malam Sani, adadin da ka isar kowa babu rigima, ai sirrin arziki na. Har daga Dalijan an zo nema."

Tir! Mutumin da ya ƙare ransa yana sallamar masu neman laya, yau ga wahalarsa rataye a wuyan kowa, har da wani bijimi da na gani a bakin kasuwa. Na tsinci guntu ɗaya a ƙasa, rabin layi ne, ba kai ba gindi. Na gama tsine musu a zuci, sannan na tuna wanda ya tsaya sussuka.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna makoma. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya yafe musu, don ba su san abin da suka sha ba. Ni da na sani, ku roƙa mini gafara.