Aron Murya: Ga Malam Abdulmumin Usaini Gaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Agusta 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin aikina Malam Abdulmumin Usaini Gaya, bayan ciwon ciki na kwana biyu kacal. Shekararsa arba'in da ɗaya. Ina cikin aji aka leƙo aka yafito ni aka faɗa mini. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa, ƙasa a jiƙe da ruwan da aka yi da safe.

Abdulmumin, yau kwana goma sha takwas ke nan, sai yanzu na iya riƙe alƙalami. Ba zan ɓoye maka ba, baƙin ciki na nan daram, amma abin da ya fi cika mini ciki tsoro ne, kuma ka fi kowa sanin tsoron me nake yi.

A farkon shekarar nan kwalejinmu ta yanke cewa darasin da nake koyarwa, wato dabarun koyar da karatu a firamare, za a ɗora shi a intanet. Dalili kuwa, malaman ƙauyuka masu neman takardar malanta ba sa iya barin aji da gona su riƙa zuwa Gaya kullum. Mutum ɗari da goma sha bakwai suka yi rajista, daga Kademi da Balan da ƙauyukan Ajingi. Da yawansu an ba su wa'adi: ko su kawo takarda a ƙarshen shekara, ko su bar aji. Ni kuwa shekara ashirin da tara da alli nake koyarwa, da fuskar ɗalibi nake gane inda ya ɓace. Ranar da aka miƙo mini takardar umarni, sai da na karanta ta sau uku ina neman wata kafa da zan sulale, ban samu ba.

Kai ka same ni a ofis na zabga tagumi. Ba aikinka ba ne, ba wanda ya sa ka. Na tura maka tarin takardun laccata, shafi kusan ɗari biyu, na ce ga shi nan ka zuba musu a na'ura kowa ya huta. Ka ɗaga tarin kana jinjina nauyinsa, ka ce, "Baba Tukur, wannan ai buhu ne. Wa zai ɗauki buhu a waya?" Ka ajiye, ka ɗauko farar takarda guda ɗaya. "Mu manta da zango gaba ɗaya, mu yi mako ɗaya kawai. Ranar Juma'a, me kake so malamar Kademi ta iya yi a ajinta wanda ba ta iya ba ranar Litinin?" Na san abin da nake faɗa a mako na farko, amma ban taɓa tambayar kaina abin da ɗalibi zai iya yi da shi ba. Kwana uku na yi kafin na kawo maka jimla ɗaya, kuma ba ka taɓa ba wa kowa labarin wannan kunyar tawa ba.

Daga jimlar nan muka gina sauran. Abin saurare ɗaya, hoton allo ɗaya, aiki ɗaya da malami zai gwada a kan yaransa, sai tambaya ɗaya da zai amsa a dandalin ajin. Duk lokacin da na so cusa wani abu, sai ka ce, "Yana kai ta ga jimlar?" In na yi shiru, ka soke. Na sha jin haushinka a kan haka, har na taɓa ce maka wanzami, saboda yawan aske mini darasi.

Ba zan manta da zuwanmu Kademi ba. Ka ɓata mako biyu kana haɗa bidiyo masu kyau, sannan ka ce ba za ka yarda da su ba sai ka gan su a wayar da ta fi kowace rauni. Ka goya ni a babur muka je wurin Malama Gaji, mai koyar da 'yan aji biyu, wadda wayarta ta tsage har an ɗaure ta da roba. Muka tsaya a bayan makaranta inda suka ce sabis ya fi kamawa. Bidiyon ya yi ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, wayar ce ba ta da kirki." Ka ce, "A'a Malama, mu ne ba mu kyauta ba." A kan hanyar dawowa ka yanke cewa komai zai koma murya, minti biyar-biyar, ka zubar da wahalar mako biyu ba tare da ka yi tsaki ba.

A nan tawa ta same ni. Ka ajiye waya a gabana ka danna, ka ce in fara. Ni da nake cika ɗakin lacca ba lasifika, sai na kasa farawa. Ba fuska, ba ido, ba mai gyaɗa kai. Ina ganin duk kuskuren da na yi zai zauna har abada, mutum ɗari su yi ta maimaita shi. Ranar sau tara muka gwada, gumi har ya jiƙa mini hula. Daga ƙarshe ka ce, "Shi ke nan Baba, zan ara maka murya mako biyar. Kai ka rubuta, ni in karanta. Na shida naka ne." Na amsa da to, amma yau zan faɗa maka gaskiya: niyyata in lokacin ya zo in lallaɓe ka ka ƙarasa sauran bakwai ɗin. Na san kayan aro ba ya rufe katara, na dai zaci mai kayan yana nan.

Ka naɗi darussan mako biyar ɗin da muryarka, ka saita su yadda kowanne zai buɗe da kansa ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe. Muna cikin mako na uku ka rasu. Cikin ruɗewa ba wanda ya tuna da saitin nan. Litinin ta zagayo, kwana biyar da binne ka, sai ga muryarka a wayoyin mutane, kana sallama, kana tambayar yaya damina. Malama Gaji ta kira ni tana kuka, ta ce wayar ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ni kaina da na saurara sai na tashi na bar ofis ɗin.

Washegari ƙaninka ya zo ya ce Hajo, mai ɗakinka, tana son ganina. Ashe wata maƙwabciyarku tana cikin ɗaliban, ta kunna darasin a tsakar gida, Hajo na zaune cikin takaba ta jiyo ka ta kan katanga. Na tafi. Na tabbata cewa za ta yi a cire, kuma ni ko yadda ake cirewa ban sani ba. Ta yi mini magana ta bayan labule, ta ce, "Malam, kada a taɓa. Yara ma sun ce a kunna musu. Abu ɗaya zan tambaya, saura nawa?" Na ce saura ɗaya. Sai ta ce, "Baban Naja'atu ya ce daga nan kai ne. Ya ce ka iya, tsoro ne kawai."

Allah Ya jiƙanka Abdulmumin, Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka. Duk yaron da ya iya haɗa baƙi ta dalilin darussan nan, Allah Ya kai ladan mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Bara'atu, da Hajo, da Naja'atu da ƙannenta, da 'yan'uwa da abokan aiki da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ka bari, Ya kyautata namu zuwan.

Gobe Litinin mako na shida zai buɗe. Ɗazu bayan la'asar na kulle kaina a ofis na naɗe shi da muryata, a gwaji na goma sha huɗu. Har yanzu tsoron bai sake ni ba, ga mako shida kuma a gaba. Ɗalibai za su ji muryar wani dattijo tana rawa, ya yi tari sau biyu, a tsakiya kuma inda ya ambaci sunanka ya yi shiru mai tsawo. Na so in yanke wurin, sai na tuna kai ne mai yankewa. Haka na ɗora shi.