Majanyin Zuwaira

"Sauke ta, Habsu! Goyonki ne ya kashe mata ƙafa," in ji Kaka.

Ƙanwata Zuwaira ta cika shekara ba ta fara tafiya ba, kuma ni ake ɗora wa laifi. Ba na iya musu da manya, sai na tsayar da ita jikin turmi, na tafi shanya majanyi a danga.

Tana ganin majanyin ta saki turmin. Taku huɗu ta yi, ta cafke zanena.

Na ce, "Kaka, goyon ta biyo fa."

"Ashe kina da baki? To ɗauki abarki."

Yau har kasuwar Tanut zan goya ta. Ku fa, naku yaron me ya biyo ranar da ya fara takawa?