Kiɗan da Ba Ya Jira

A unguwar ba wanda ya san shi da wani suna in ba Mai Fiyano ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. In ka gan shi a ƙofar gida yana kurɓar shayi za ka rantse mai gyaran famfo ne, sai in ka lura da yatsunsa, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya ko da a kan gwiwarsa ne.

Tun yana saurayi mawaƙi ɗaya yake kaɗa wa, wato Dogo. Shi kuwa Dogo, Allah Ya yi masa murya, amma bai yi masa tsari ba. Bai taɓa rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya ba. In ya hango wani masoyinsa a cikin taro sai ya ja baiti har sai inda numfashi ya ƙare, in ya manta kalma sai ya tsaya yana murmushi har ta dawo. Makaɗa da yawa sun gwada shi sun gudu. Mai Fiyano ne kaɗai ya zauna, domin shi gwanintarsa duka a bin murya take. Yakan zauna ta hagun Dogo, ɗan baya kaɗan, ya kafa wa ƙeyarsa ido. In kafaɗa ta ɗaga ya san numfashi ake ja, sai ya riƙe sauti ya jira. Ba a taɓa jin ya shiga gaban murya ba, kuma wannan shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya.

To, zamani ba ya neman shawarar kowa. Mai gangarsu ya koma tuƙi, mai jitarsu ya buɗe shago, motar ɗaukar kaya ta mutu a gareji. Masu ɗakunan taro suka fara cewa su fa suna da sifikokinsu, mawaƙi ya zo da kiɗansa a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta, kawai, ba sa son tarkacen wayoyi a gaban baƙi. Wata rana da hantsi Dogo ya zo ya zauna a kan bencin ƙofar gida, ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Abokina, in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Ko dai ka zuba mini kiɗanka a kwamfuta, ko in je wurin masu situdiyo su haɗa mini nasu. Ni kuma wallahi naka nake so a ƙarƙashin muryata."

Mai Fiyano ya ce to. Me zai ce? In ya ce bai iya ba, an gama da shi ke nan.

Tsohon fiyanonsa ba shi da ramin da za a haɗa shi da kwamfuta. Babban cikin tagwayensa, wanda ke aiki a wani gari, ya aiko masa da tsohuwar kwamfutarsa da wani ɗan kibod mara nauyi da ake ce wa midi. Aka share teburin ɗinkin matarsa, Maman Biyu, aka ture almakashi da zare gefe, aka ɗora. Mai Fiyano ya wanke hannu, ya zauna, ya danna. Shiru. Ya juya abin sama da ƙasa yana neman sifika, babu. Ya kira ɗan a waya, ɗan ya ce ai shi wannan ba ya kuka da kansa, labari kawai yake kai wa kwamfuta: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, aka daɗe nawa a kai. Kwamfutar ce mai murya.

"Wato bebe ya aiko maka," in ji Maman Biyu. "Madalla, kun dace, sai ku yi ta hira."

Duk da tsiyar, ita ce ta ja kujera ta zauna kusa da shi da wayarta, tana kunna bidiyon wani mutum mai saurin magana da ke koyar da haɗa abin. Ita ke tsayarwa, ita ke mayarwa baya, tana karanta abin da ke kan allo da tabarau a kan hanci. Suka soka wayar kibod ɗin a ramin farko na kwamfutar, kwamfuta ba ta san an yi ba, ashe ramin ya saki. Suka koma na biyu, wata 'yar fitila ta kama a jikin kibod, suka yi murna kamar an yi musu haihuwa. Murnar ba ta je ko'ina ba, domin manhajar kiɗan ma sai an shiga saitinta an nuna mata sunan kibod ɗin an ce ga baƙonki. Da suka yi haka, in ya danna sai wani ɗan koren haske ya motsa a gefen allo, amma har yanzu ko ƙis. Sai da la'asar ta yi suka gane cewa dole a buɗe layi, a ɗora masa muryar fiyano, a kunna wani jan ɗigo, kafin sauti ya fito.

Da ya fito ɗin, sai aka koma ana kukan targaɗe ga karaya. Sautin ba ya zuwa tare da yatsa. Sai ya danna ya ɗaga, sannan abin ya amsa, kamar yaron da aka kira yana cikin wasa. Da wani makaɗi ne wanda ya saba jan gaba, da ya toshe kunne ya wuce abinsa. Mai Fiyano kuwa duk rayuwarsa jiran sauti yake yi ya bi. Hannunsa, ba da saninsa ba, ya ɗauki wannan makararren sauti a matsayin mawaƙi, ya tsaya masa. Sautin ya ƙara makara, shi ma ya ƙara jira. Haka waƙa za ta taso da ƙarfinta, ta yi ta rage gudu, ta yi ta ja da ciki, har ta mutu a tsakiyar baiti. Ya sake, ta sake mutuwa a hannunsa.

Wannan abu ya tsorata shi ƙwarai. Ya zauna yana duban tafin hannunsa, ya ce da matar a hankali, "Anya ba ni ne na lalace ba?"

"Kai dai ka lalace da surutu. Matsa in gani."

Ita ma ba ta san komai ba, ƙarfin hali ne kawai irin na wadda ta saba kwance keken ɗinki ta mayar. Kwana da kwanaki suna fama. In ta gaji ta koma kan ɗinkin mutane, shi kuma ya zauna gaban allo ya yi tagumi, ba ya ma iya taɓa linzamin kwamfutar don tsoron kada ya rushe ɗan abin da suka gina. Daga ƙarshe ta samo wani bidiyon da ya ce akwai wata lamba a cikin saiti, in ta yi yawa sauti ya makara. Suka rage ta sosai, sauti ya zo da wuri amma yana ƙarar tsagewa kamar ana yaga atamfa. Suka ɗan ƙara, ya daidaita. Ranar ya ci abinci da yawa.

Saura ɗaukar kiɗan. Mai bidiyo ya ce a kunna wani abu mai ƙwas-ƙwas da ke ƙirga lokaci, a bi shi, don kiɗa ya tafi a miƙe. Mai Fiyano ya saurara, ya gwada, ya kasa. Abin ba ya numfashi, ba ya gajiya, ba ya hango kowa a taro. Abin da ya kaɗa ya fito a allo kamar gutsattsarin tsinke a warwatse, ko ɗaya bai hau kan layin da aka zana ba. Akwai maɓallin da ke jawo su duka ya jera su daidai. Maman Biyu ta danna, suka saurara.

"Wannan ba ni ba ne," in ji shi. "Wannan ai agogo ne."

Shi ya kawo dabarar da kansa, kuma har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci, don a lokacin gani yake ya ci nasara a kan na'ura. Ya ce a kashe ƙwas-ƙwas, a kira Dogo. Dogo ya zo ya tsaya a tsakiyar ɗaki, tsakanin keken ɗinki da gado, ya ba shi baya kamar yadda suka saba. Maman Biyu ta danna jan maɓalli ta koma bakin ƙofa. Dogo ya rera, Mai Fiyano ya bi ƙeya. Kai, ranar an yi kiɗa! Inda Dogo ya ja, ya ja. Inda ya tsaya yin murmushi, ya riƙe masa. Maƙwabta suka leƙo ta taga. Da aka sake kunnawa, Dogo ya rungume shi ya ce, "Ka ga, ko ba ka nan kana nan." Ba wanda ya tsaya yin tunani a cikinsu cewa abin da suka ɗauka numfashin Dogo ne na wannan ranar kaɗai.

Taron farko na ritayar wata shugabar makaranta ne, da rana tsaka, a wani ɗaki mai fararen kujeru. Mai kula da sauti ya karɓi filas ya soka a na'urarsa can bayan wani labule, ya nuna wa Mai Fiyano kujera a cikin baƙi. Ya zauna a tebur da mutanen da bai sani ba, gabansa faranti da kwalbar lemo. Bai taɓa ganin fuskar Dogo yana waƙa ba sai ranar.

Baitin farko ya tafi lafiya, har ya fara sakin jiki. Sai ga shugabar ta taso tana rawa a hankali, tsofaffin ɗalibanta sun kewaye ta. Dogo ya gan ta, hali kuma zanen dutse, ya kama sunanta ya ja, ya ƙara ja. Mai Fiyano kuwa ya san abin da ke tafe. Kiɗan ya riƙe daidai gwargwadon yadda ya riƙe a ɗakin ɗinki, sannan ya saki ya wuce abinsa.

Dogo ya farga, ya yanke, ya bi da gudu. Ya haɗiye rabin baiti don ya cim masa. Yana cim masa kuma sai kiɗan ya tsaya cak, wurin da ya yi murmushi a wancan ranar, ya bar shi yana zuba kalmomi a kan shiru. Wata mata ta fashe da dariya ta toshe baki. Masu rawa suka tsaya suna duban juna. Dogo ya waiga hagunsa, babu kowa sai tukunyar fure. Ya juyo yana laluben taro da ido har ya hango Mai Fiyano.

Mai Fiyano ya miƙe rabi. Ina zai je? Na'urar tana bayan labule a hannun wani, kuma ko ya isa can, abin da zai iya kawai shi ne ya kashe. Babu baƙon hannu a cikin kiɗan nan da zai ɗora wa laifi. Kowane sauti ya san shi, ya san yatsan da ya danna shi, ga shi yana ji da kunnensa kiɗan yana wulaƙanta abokinsa a gaban jama'a. Ya koma ya zauna, hawaye ya cika masa ido, wani baƙo kusa da shi yana tambayarsa ko zai miƙo masa mabuɗin kwalba. Kiɗan ya kai ƙarshensa da kyakkyawan rufi, Dogo yana da sauran baiti guda a baki. Ya rera rabinsa shi kaɗai, ya ajiye makirfo.

A waje suka haɗu, a inuwar katanga inda ake ajiye motoci. Dogo yana share zufa da hankici, numfashinsa bai gama dawowa ba. Mai Fiyano ya buɗe baki zai ce su koma yadda suke, ya riƙa zuwa da tsohon fiyanonsa ko a ka ne. Bai faɗa ba. Dukansu sun ga ɗakin, sun ga a gefen mawaƙi ba a bar masa ko wurin ajiye kujera ba.

Dogo ya zaro filas ɗin da ya karɓo daga aljihu, ya kama hannun abokinsa ya sa masa a ciki, ya naɗe yatsun a kai.

"Gobe zan je wurin masu situdiyo su ba ni mai ƙwas-ƙwas ɗin, in koyi ƙirga da tsufana," in ji shi. "Ajiye abinka, abokina. Kiɗa ya yi kyau, wallahi ya yi. Ni ne ban iya bin ka ba."