Kabarin Yaya Sabi'u Da Na Ɓatar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, direban tasi a Riyad. A nan muka binne shi, kuma kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, dutse kawai ake kafawa. Ranar jana'iza na ƙirga layi daga bango, na riƙe a kai. Da na koma bayan shekara, an ƙara layuka, lissafina ya rikice. Na ɓatar da kabarin yayana.

Duk Juma'a Innarmu takan bugo daga Katsina ta tambaya ko na ziyarce shi. Sai in ce na je har kansa. Shekara takwas ina yi wa tsohuwa ƙarya, abin yana cina.

Bara kamfani ya tura ni Masar da wani injiniya Bajamushe. Ya roƙe ni in raka shi maƙabartar sojojinsu da ke bakin teku, inda kakansa yake tun yaƙin duniya. Na bi shi don kunya kawai. A raina na ce waɗannan mutane da ko ƙusa sai sun ba ta lamba, ai kabari ba zai ɓace musu ba.

Ashe sunaye ne a jere a jikin dutse, ƙasusuwan kuwa an haɗa su wuri guda. Na tambaye shi daidai ina kakan yake. Ya ce bai sani ba, yana cikin nan dai, kuma ya ishe shi. Ni kuma hawaye ya zo mini.

Da Yaya yana nan da ya yi mini dariya. Mutumin da bai taɓa riƙe sunan titi ba, amma bai taɓa ɓatar da fasinja ba. Jirgin ƙasan da yanzu ke ratsa Riyad kuwa, da ya zage shi ya ce ya ƙwace masa kasuwa, sannan ya hau ya fi kowa murna. Wannan sauƙin hali ne ya bar mana, ni ne na makara wajen ɗauka.

Ina dawowa Riyad na tsaya a ƙofar maƙabartar da Yaya yake na yi wa duk mamatan ciki sallama, sannan na kira Inna na faɗa mata gaskiya.

Sai ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Ni da ko garin ban taɓa gani ba, ka ji an ce addu'ata ta ɓata hanya?"